Wa Aka Ba Bakin Ramawa? Ɗaliba da Baƙo a Wasan Barkwancin Makaranta, daga Santambul zuwa Maradi

 

Maganar yau a kan dariya take, dariyar da ake yi a kan makaranta. Duk ƙasar da ta gina aji, ta tara yara, ta tsayar musu da malami, ba a jimawa sai ta ƙago wasan da ake tsokanar malamin nan a cikinsa. Ni abin da ya dame ni shi ne, in aka buɗe ƙofar ajin cikin fim, su wa ke zaune a kan benci? Wa aka yarje wa ya yi ƙiriniya kuma a yafe masa? Wa aka shigo da shi don kawai a yi masa dariya ya fita?

Bari mu fara leƙawa Turkiyya. Yanzu ba baƙuwa ba ce gare mu, tun da ga kamfanoninsu da makarantunsu a Yamai, ga finafinan sarakunansu na yawo cikin wayoyin samari. Amma fim ɗin da Turkawa da kansu suka fi riƙewa a zuciya ba na yaƙi ba ne, na makaranta ne. Sunansa Hababam Sinifi, ya fito a 1975, Ertem Egilmez ne ya ba da umarni. An ciro shi daga littafin Rifat Ilgaz na 1957. Shi Ilgaz malamin makaranta ne wanda ya taɓa shan ɗauri a 1944 saboda wani kundin waƙoƙi da ya wallafa, don haka ya san aji, ya kuma san hukuma. Labarin wani aji ne a makarantar kwana ta maza a Santambul, cike da ƙattin ɗalibai da suka yi shekaru suna maimaita aji, ba su da aiki sai satar amsa, da tsallake katanga zuwa kallon ƙwallo, da wahalar da tsofaffin malamai. Ga Shaban, wanda Kemal Sunal ya fito a matsayinsa, sakarai mai farar zuciya. Ga Ferit kyakkyawa, wato Tarik Akan. Sai aka kawo musu Malam Mahmut mai sanƙo, wato Munir Ozkul, mai tsanani a fuska da tausayi a ciki. Fim ɗin ya karɓu har aka yi masa ci gaba biyar kafin ƙarshen 1981, kuma har gobe gidajen talabijin na ƙasar suna maimaita shi, jikoki na kallo tare da kakanni.

To ina mata a ciki? A kashi na farko macen da ake gani kullum ita ce Hafize, wadda yaran ke kira uwa. Adile Nashit ce ta fito a matsayinta. Ita ke kaɗa ƙararrawa tana gudu, ita ke kai shayi, ita ke rufa wa yaran asiri, kuma da aka gano Ferit ya yi aure a ɓoye har da jaririya, ita ce ta taya shi ɓoye jaririyar cikin makaranta. Turkawa na son ta ƙwarai, kuma ta cancanta. Amma duk abin da take yi, don wani take yin sa. A kashi na biyu aka kawo malama, Semra, budurwa sabuwar fitowa mai koyar da adabi, kuma abin dariyar shi ne yadda ƙattin nan suka sa ta gaba da zancen soyayya har koyarwa ta nemi gagarar ta. Sai a kashi na huɗu, a 1977, ɗalibai mata suka shigo ajin. Nan abin ya canza, kuma nan nake so ku riƙe: da mazan suka shirya musu mugunta, matan ba su tafi ofishin darakta suna kuka ba, sai suka shirya tasu suka rama. A ganina a wannan lokacin ne kaɗai ɗiya mace ta zama cikakkiyar ƴar aji a duk jerin finafinan.

Ta fuskar ƙabila kuwa, ajin ya fi ƙasar da ta haife shi ƙunci. Turkiyya na da miliyoyin Kurdawa, tana da Armeniyawa da Girkawa da Larabawa, amma a ajin kowa Baturke ne da harshe guda. Mutumin gabashin ƙasar, in ya bayyana, da karyayyen harshe da halin ƙauyanci yake zuwa, kamar Bilo Aga na kashi na biyar a 1978. Ita kanta Adile Nashit, wadda ƙasar duka ta ɗauka uwa, mahaifiyarta Amelya ƴar wasan dabe ce daga tsirarun Kiristocin Santambul, amma babu wani ɗalibi irin danginta a kan bencin.

Ban kawo wannan don in kushe fim ɗin ba. Fim ne mai kyau, kuma wurin da Malam Mahmut ya tsaya wa ɗalibinsa a gaban mai makarantar da ba ya ganin komai sai kuɗi, har ciwon zuciya ya kayar da shi, kowane malami a ɗakin nan zai ji shi a jikinsa. Na kawo shi ne don ya fi sauƙi mutum ya hango gyara a gidan wani. Yanzu mu dawo gida.

Mu Hausawa ba mu jira sinima ba kafin mu tsokani malami. Duk watan azumi, in an kai goma ga wata, yara na fita tashe, kuma cikin wasannin da suka fi tsufa akwai wanda yaro ke liƙa gemun auduga, ya sa babbar riga, ya rungumi allo, sauran na tuhumar sa da cewa an gan shi yana rawa, shi kuma yana musu, har kiɗa ya ɗebe shi ya taka. Almajirai ne ke yi wa malaminsu ba'a a ƙofar gidansa, malamin ya yi dariya ya ba su hatsi. Ƴan mata ma suna da nasu tashen, inda ɗaya ke shigar miji ɗaya ta amarya, su kwaikwayi zaman aure a gaban matan aure. A fadojin ƙasar Hausa akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki ke naɗa rawani su kwaikwayi sarki da fadawansa, kowane da tafiyarsa da tarinsa, masu sarauta na kallon kansu. A Damagaram akwai wasan kara, inda samari ke kwaikwayon masu mulki. Ke nan al'adar da muka gada ta ba ƙarami damar taɓa babba, ta kuma ba mace damar sa rawani ta yi wa mai rawani dariya.

Nan Maradi ma ba sai an tuna wa kowa ba. Katsinawan da suka kafa sarautar Maradi bayan jihadi sun zo da sarautar Iya, Gobirawan da suka zauna Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suna da Inna. Ko me mutum zai ce game da bori da ke hannunsu, waɗannan mata ne masu fada, masu jama'a, masu yanke magana a bi. Yaron da ya tashi tsakanin Maradi da Tibiri bai rasa ganin mace mai faɗa a ji ba.

Da sinima ta zo Nijar, da farko ba ta manta da wannan ba. A 1966 Mustafa Alasan ya yi fim kan wani saurayi da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye. Cikin gungun nan akwai budurwa, da wando da malafa, ita ce Zalika Sule. Shekara tara ke nan kafin fim ɗin Turkawa, kuma ba uwa ba ce, ba kuma wadda ake nema da aure kawai ba, ƴar gungu ce. Sai dai ta biya farashi. Ta ci gaba da fitowa a matsayin mace mai kishi ko mai taurin kai, har da fim ɗin Umaru Ganda kan auren mace fiye da ɗaya, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972, mutane kuma suka kasa raba ta da matan da take kwaikwayo. Rahamatu Keita ta yi fim a kan rayuwarta a 2004, wanda ya gan shi ya ga yadda aka bar ta cikin rashi. Ta rasu a 2021, Allah ya jiƙanta. Namijin da ya fito a ɓarawo ana tafa masa a kasuwa, macen da ta fito a fitsararriya ana nuna ta da baki. Wannan bambancin shi ne tushen matsalar da nake magana a kai, kuma yana wurinmu masu kallo kafin ya kai ga masu shirya fim.

Zamanin Seyni Kunce, lokacin samariya da bikin matasa na ƙasa da ake yi kowace shekara, kowace jaha na da ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma da yawan ƴan wasan malaman lakwal ne, irin su Yazi Dogo. Daga baya kaset ɗin Kano ya mamaye mu. Tun daga Turmin Danya a 1990 har zuwa zamanin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, dariyar da ake yi a gidajen Maradi yawancinta ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa ta shigo. Ibro gwani ne, ba a ja. Amma ku tuna su wa ke kewaye da shi. Gungun masu ba da dariya maza ne. Mace takan zo a masifaffiyar mata mai muciya a hannu, ko uwar miji, ko budurwar da ake yi wa ƙarya. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, tana da baiwar ba da dariya da ta kai ta kowane namiji a masana'antar, amma an fi ba ta matsayin muguwar kishiya ko uwar da ke raba aure. Bagwari da Bayarabe da Inyamuri da Bafillace kuwa sukan shigo da karyayyar Hausa, a yi dariyar harshensu, kuma sau da yawa Bahaushe ne ke sanye da kayansu yana magana a madadinsu.

Nan wani zai ce, ai wannan wasan taubasai ne, mu ma muna yi. Gaskiya muna yi, har hukumar UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma ku dubi yadda ake yin sa. Bagobirin Tibiri ya gamu da Bazabarme a tasha, ya ce masa bawana, nan take Bazabarmen zai mayar masa da wadda ta fi ta zafi, a yi dariya a sha ruwa tare. Bafillace da Babarbare haka, Bafillace da Ba'are haka. Sharaɗin wasan shi ne kowa na da baki. Ranar da ɗaya ya yi ta zuba ɗayan kuma aka ɗaure masa baki, ya tashi daga wasa ya koma cin fuska. Da wannan ma'auni nake auna fim ɗin Santambul, da shi nake auna na Kano, da shi kuma nake so mu auna wanda za a yi a Maradi: wanda aka yi wa ba'a, an bar masa bakin ramawa?

Yanzu ɗalibar Maradi, a ina take fitowa a majigi? Kusan kullum a wasan faɗakarwa. Ku duka kun san labarin tun kafin a fara. Yarinya mai ƙoƙari, ta ɗaya a aji, uba ya karɓi kuɗin wani alhaji, aka cire ta, ta sha wuyar haihuwa, likita ya yi wa iyaye faɗa, uban ya yi nadama. Ba na raina wannan wasan, domin ba ƙarya ya faɗa ba. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matasan matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, a jahar Maradi kuwa adadin ya kai 89. Shi ya sa aka yi dokar kare ɗiya mace mai karatu a watan Disamba na 2017, shi ya sa aka shiga gina makarantun kwana na ƴan mata. Amma ku lura da yarinyar cikin wasan. Ba ta taɓa makara ba. Ba ta taɓa cin gyaɗa a aji ba. Ba ta da ƙawar da suke ƙus-ƙus, ba ta laƙaba wa mushe suna ba, ba ta taɓa samun sifili ta ɓoye takarda ba. An wanke ta tas don mu ji tausayinta, kuma cikin wankin an cire mata rai. Ɗalibar da ke kallo ba ta ganin kanta, tana ganin wata waliyyiya da ake zalunta. Uban da ke kallo kuma ya san wa'azi ake yi masa, sai ya gyara zama ya jira a gama.

Akwai wani saƙo da ke ɓoye a nan wanda nake jin zafinsa. Kamar ana cewa ɗiya mace ba ta cancanci benci ba sai in ita ce ta ɗaya kuma ba ta da laifi ko guda. Namiji kuwa ya maimaita aji sau uku, ya tsallake katanga, a ce yaro ne, zai yi hankali. Abin da ajin Santambul ya ba ƙattinsa ke nan: damar yin kuskure a yafe musu, a bar su cikin makaranta. Madam-madam da ke zaune nan sun san yarinya nawa aka cire daga kwaleji saboda faɗuwa ɗaya a jarrabawa, alhali wanta ya faɗi sau biyu an sake biya masa. Wasan da zai nuna yarinya ta yi ƙiriniya, an hukunta ta, gobe ta dawo ajinta, yana koya wa iyaye abin da wasan kuka bai iya koya musu ba.

Na san abin da ke ran wasu iyayena. Za a ce in aka saki wannan ƙofa, rashin kunya zai shigo. Tsoron yana da dalili. Wajen farkon 2022 hukumar tace finafinai ta Kano ta tashi tsaye kan wani fim mai suna Makaranta tun daga tallarsa, saboda irin kalaman da aka sa a bakin ɗalibai. Amma wannan ma ciwon guda ne: marubucin da ya ga ɗaliba bai ga komai ba sai jikinta. Ƙiriniya daban, batsa daban. Yarinyar da ta kwaikwayi tafiyar darakta da hijabinta har ƙasa, ko ta shirya wa mazan aji tarko don sun ɓoye mata jaka, ba ta taɓa mutuncin kowa ba. Kakanninta sun yi fiye da haka a wasan gauta, a gaban sarki.

Kuma kayan dariya ba su ƙare mana ba. Duk wanda ya yi lakwal a da ya san sambol, abin nan da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa a farfajiyar makaranta, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Ga shi yau, tun watan Maris na 2025, dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Tsakanin kaka mai tuna sambol da jikarta mai gyara wa mushe Hausa akwai fim guda cikakke. Sai dai wannan matsayi da Hausa ta samu nauyi ne a kanmu, domin mai rinjaye shi ya fi saurin mance cewa akwai wasu a ɗakin.

Ku shiga kowane aji a Lise Ɗan Baskore ko Lise Teknik Ɗan Kasawa ku duba benci. Ga Bakatsiniya, ga Bagobira, ga ɗiyar ma'aikaci Bazabarme da aka yi wa canjin wurin aiki daga Doso, ga Buzu, ga Bafillatana, ga ɗan Kirista, ga yaron da ke zuwa da sanda saboda shan inna. A ƙauyukan Gidan Rumji kuma, tun 2019, ga yaran da ƴan bindiga suka koro daga Sakkwato da Zamfara, Hausarsu ɗaya da tamu amma boko ɗinsu na Ingilishi ne. Ga yarinyar Jiratawa da ke tsinkar zogale a fadama da asuba kafin ta ɗauki jaka, wadda ta fi duk ajin iya lissafin kuɗi don ita ke sayarwa. Wannan aji ya fi na Hababam yawan launi nesa ba kusa ba. Ba sai mun ƙirƙiro bambanci don mu faranta wa wata ƙungiyar waje ba, yana nan zaune yana jiran a ɗauke shi yadda yake.

Game da cewa ba mu da masu yi, Fati Nijar a garin nan aka haife ta kafin muryarta ta cika finafinan Kano. Aisha Maki ta Damagaram ta kai finafinanta bukukuwan duniya. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo cike take da matasa masu waya mai ɗaukar hoto da ya fi na kaset ɗin da Ibro ya fara da shi. Matan ƙasar nan kuma sun taɓa nuna yadda ake neman kujera: ranar 13 ga Mayu 1991 suka yi maci a Yamai don an sa mace ɗaya tak cikin kwamitin shirya taron ƙasa, aka ƙara musu, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar.

Ga masu niyyar rubutawa, ƙannena, abin da nake roƙo kaɗan ne amma yana da wuya. Kada namiji ya zauna shi kaɗai ya rubuta abin da yake zaton ƴan mata na faɗa in malami ya fita, domin bai taɓa ji ba. A zaunar da su su faɗa da bakinsu, a rubuta sunansu cikin marubuta. In akwai Bafillace a labarin, a nemo Bafillace ya fito, a bar shi ya yi Fulatanci inda ya ga dama, a kuma ba shi zagayen da shi zai kayar da Bahaushe. In za a sa malama, a ba ta abin dariya nata na kanta, mantuwa ko rowa ko son ƙwallo, kamar yadda ake ba malami namiji. Kafin a kunna kyamara kuma a je gida-gida a gaida iyayen yaran, a karanta musu labarin tun daga farko har ƙarshe, a gaya wa limamin unguwa, domin yarinyar da ta fito a mai ƙiriniya ita za ta bi layin nan gobe zuwa famfo, kuma bai kamata abin da ya sami Zalika Sule ya same ta ba. Hutun ƙarshen shekara wata uku ne, azuzuwa a rufe suke, kuma daraktan da aka je wa da ladabi da takardar izini daga hukumar ilimi ta jaha ba zai hana aron aji ɗaya da benci ashirin ba.

 Wanda ke da tambaya ko gyara, bismillah, sai dai ina roƙon a fara ba layin ɗalibai mata na baya can dama.